Shafina ya yi nauyi: in tashi ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina hayar sabar, wato kwamfutar da shafina na intanet ke zaune a kanta, a wani kamfanin gajimare, irin masu ba da hayar kwamfutoci ta intanet. Kwanan nan shafina yakan yi nauyi da yamma, masu sayayya suna ta ƙorafi, wasu ma sun daina dawowa. Na kai kuka, aka ce in ƙara kuɗi in hau babban tsari. Na so in tashi, mai haɗa mini manhaja ya ce aikin zai ci watanni. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada fushi ya sa ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Nauyin da ke zuwa a lokaci guda kullum yana da dalili. Ƙananan sabobi masu araha sukan ba ka ƙarfi na ɗan lokaci, in ka cinye kasonka a rage maka gudu. Wani lokacin kuma maƙwabcin da kuke raba inji ɗaya da shi ne ke danne ka. Ka sa mai manhajarka ya duba jadawalin aikin sabar na mako guda. In rumbun bayananka ne ke jan ƙafa saboda yadda aka tsara shi, ko ina ka koma nauyin zai bi ka.

Manyan kamfanonin ma suna faɗuwa. A 20 ga Oktoba 2025 matsala a cibiyar AWS, kamfanin gajimare na Amazon, da ke Arewacin Bajiniya a Amurka, ta tsayar da manhajoji da dama na sa'o'i. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin gajimare na OVHcloud a Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar bayanansu. Alƙawarin da ake tallatawa na cewa sabar za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci kuwa yana nufin an yarda shafinka ya mutu kusan sa'a 9 a shekara, kuma diyyar galibi rangwame ce a lissafin gaba, sai ka nema da kanka ma.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar watannin nan. Kuɗin da kamfani ke caja in za ka fitar da bayananka ya yi sauƙi: a 2024 Google, AWS da Microsoft sun yafe shi ga mai tashi gaba ɗaya, bisa sharuɗɗa. Ainihin ƙullin yana cikin manhajar. In an gina ta kan kayan da kamfani ɗaya kaɗai ke da su, irin su DynamoDB, rumbun bayanai na AWS, dole a sake rubutu. In kan PostgreSQL ko MySQL take, rumbunan bayanai da ke aiki a kowane kamfani, ɗauka ce kawai a sauke.

Saboda haka ka tambayi mai manhajarka kai tsaye: waɗanne sassa ne ba za su yi aiki a wani kamfani ba? Sannan ku kama ƙaramar sabar a wani wurin na wata ɗaya, ku zuba kwafin shafin, ku gwada shi da yamma, daidai lokacin da masu sayayyarka ke ƙorafi. In ya fi gudu, ka fara kwashe kaya sannu a hankali. Kada kuma ka sa hannu a kwantiragin shekara uku don rangwame kafin ka ga sakamakon gwajin.