Amsa ga ƙanwata mai shirin zama da iyalin Jamusawa

Assalamu alaikum jama'ar zaure, iyayenmu da yayyenmu barkanku da warhaka. Ku yi mini haƙuri, saƙon nan zai ɗan yi tsawo. Ƙanwata, na saurari muryarki, inda kika ce kin samu wasu Jamusawa da za su ɗauke ki renon yara a shirin nan na au pair, sun ce miki ba damuwa tunda kina jin Turanci, shi ne kike tambaya ko Turancin kaɗai zai ishe ki. To ni yanzu haka a irin wannan gidan nake, a wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ba ƙarya suka yi miki ba. Maigidan da matarsa za su yi miki Turanci tsaf, wani ma har ya fi naki gudu. Amma fa su biyu ne kawai. Yaran da za ki yini da su da Jamusanci suke kuka, da shi suke faɗa, da shi za su gaya miki cikinsu na ciwo. Kakarsu in ta zo, da Jamusanci za ta yi miki magana, kuma a nan yankinmu ma wani karin harshe ne na Shwabawa wanda ko a littafi ba a koya miki shi ba. Direban bas, malamar makarantar yara, tsohuwar da ke maƙwabtaka, wasiƙun da hukuma ke turowa, duk Jamusanci. Abin da ya fi ciwo shi ne wajen cin abinci. Za a fara hira da Turanci saboda ke, to da zarar zance ya yi daɗi sai harshe ya koma gida, a yi ta dariya, ke kuma kina zaune da cokali a hannu kina murmushi ba ki san me aka ce ba. Ba wulaƙanci ba ne, wallahi ba su ma lura ba. Amma in abin ya maimaitu kullum, sai ki ji kin zama baƙuwa a gidan da kike kwana.

Dama ko biza ba za ki samu ba sai kin nuna kina jin Jamusanci kaɗan, matakin farko da ake kira A1. A Legas akwai cibiyar Goethe da ke yin jarrabawar. Kada ki tsaya a nan, ki ci gaba tun kafin ki taso.

Yauwa, ga wani abu da nake so ki buɗe kunne. Da yawa daga cikin iyalan nan saboda Turancinki suka zaɓe ki, suna so yaransu su tashi da shi. Ba laifi. Sai dai in ba ki yi hankali ba, za ki gama shekara yaran sun iya Turanci, ke kuma daga gaisuwa ba ki ƙara komai ba. Su sun ci riba, ke kin dawo da hotuna. Mu yadda muka yi, na ce da yara zan yi Turanci, amma manya su riƙa yi mini Jamusanci a wajen cin abincin dare, a hankali, in na ɓata su gyara mini. Kuma ƙa'idar shirin ta ce su ba da yuro 70 duk wata don kuɗin karatunki na harshen. Kusan kowane gari akwai makarantar manya da ake kira VHS, kuɗinta da sauƙi. Ki tabbata an ware miki lokacin zuwa, kada a ce ranar aji ce kuma ranar ce za su fita su bar miki yara.

Amma ƙanwata, abin da zai fi ba ki wahala ba harshe ba ne, kara ce. Mu an rene mu da kunya da kawaici, in an yi miki tayi sai kin ce a'a sau biyu kafin ki karɓa. A nan tayi ɗaya ne. Matar gida za ta ɗaga tukunya ta ce kina son ƙari? In kika ce a'a na gode, ta yarda da ke ɗari bisa ɗari, ta rufe tukunya ta sa a firji, shi ke nan. A wajenta ta girmama ki ne, don kin faɗi ra'ayinki ta kuma bi. Haka in kina jin sanyi a ɗakinki, in kin gaji, in an ƙara miki aiki, babu mai karantar fuskarki. Sai kin buɗe baki. Su ma haka za su yi miki. Za ta same ki ta ce jiya kin bar taga a buɗe hita na aiki, kada ki sake. Ba gaisuwa mai tsawo, ba kewaye-kewaye. Da farko zuciyarki za ta sosu, amma bayan minti biyar za ki ga ta kawo miki shayi, ita har ta manta. Ni gaskiya wannan halin nasu na zo ina ƙaunarsa, domin ba a kwana da ke a ciki.

Saboda haka maganar addini ma ki yi ta tun kina gida, a kiran bidiyo, kina sanye da hijabinki. Ki ce ina salla sau biyar, ba na cin alade, ba na shan giya, ina azumin Ramadan. Wanda zai ƙi, gara ya ƙi tun yanzu. Alade a nan yana ɓoye a wurare da yawa: yankakken naman da suke sawa a burodi, tsiran-alade iri-iri, har alewar yara mai danƙo yawancinta da jelatin ɗin alade ake yi. Dole ki koyi karanta bayan leda. Naman halal kuwa shagunan Turkawa ba sa wuya, masallatansu ma haka, kuma a manyan garuruwa akwai shagon 'yan Afirka inda za ki samu manja da garin kwaki da busasshen kifi. Ni sun ware mini kasko ɗaya da gefe guda a firji, babu mai taɓawa.

Ki shirya wa abincin dare. A gidaje da yawa burodi ne mai sanyi da cuku da kokwamba da tumatir, wajen ƙarfe shida ko bakwai, an gama. Ba tuwo, ba miya, ba wani abu mai tururi. Ni na roƙi a bar mini kicin ranar Asabar, nakan yi dafa-duka in rage attarugu. Ƙaramar yarinyar takan jawo kujera ta hau ta tsaya kusa da ni tana miƙo mini albasa, tana ta tambayar sunan kowane abu. A wannan kicin ɗin na fi koyon Jamusanci, don yaro ba ya jin nauyin gyara miki magana.

Sauran ƙananan abubuwa kuwa za ki saba. Shara ba a haɗa ta wuri ɗaya, takarda daban, roba da gwangwani daban, ragowar abinci daban, kwalba kuma a kai ta waje a raba ta da launi. Robar ruwa kada ki jefar, kuɗi ce, yawanci senti 25 na'ura za ta mayar miki a kanti. Lahadi kantuna a rufe suke, ki yi cefane tun Asabar. Daga ƙarfe goma na dare ba a hayaniya, to ki rage murya in kina waya da Umma, kin san mu da waya. Ko ana tsananin sanyi sai sun buɗe tagogi na 'yan mintuna iska ta shiga, kada ki yi mamaki. Kuma cikin mako biyu da isowarki dole ki yi rajistar adireshinki a ofishin gari, ki sa su raka ki.

Lokacin sanyi shi ne jarrabawa. A Disamba wajen huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, ga duhu, ga shiru, babu mai sallama a ƙofa ya shigo hira. Ko maƙwabcinki sai an sa rana kafin a ziyarce shi. A bazara kuma sai bayan tara na dare ake magariba. Ki nemi 'yan uwa Musulmi da wuri, ki yi ƙawaye a aji, kada ki kulle kanki a ɗaki da waya. Akwai tikitin wata-wata da ake hawa bas da ƙananan jiragen ƙasa da shi a duk faɗin ƙasar, an fara shi a 2023 a kan yuro 49, daga baya aka ƙara kuɗin. Ki tambaye su ko za su saya miki.

Maganar kuɗi kuma, iyayenmu na zaure ku ji wannan da kyau don Allah. Yuro 280 ne kuɗin kashewarta a wata. In an canza shi zuwa naira ya yi kama da abin kirki, amma a nan rigar sanyi mai kyau da takalmi kaɗai sun kusa cinye shi. Kada a ɗora mata nauyin gida. Abin da za ta samu shi ne harshe da sanin ƙasa, wanda zai iya buɗe mata hanyar karatu ko koyon sana'a daga baya. Ɗaki da abinci da inshorar lafiya a kan masu gidan yake. Aiki kada ya wuce awa 30 a mako, zaman kuma daga wata 6 ne zuwa 12, sannan sai ba ki kai shekara 27 ba lokacin neman biza. Aikinki yara ne da ƙananan ayyukan gida, ba a ɗauke ki goge-gogen gida gaba ɗaya ba.

Don haka kafin ki sa hannu a komai, ki ɗauki hoton takardar yarjejeniyar ki turo mini ta gefe in duba miki. Ki tambaye su shekarun yaran, ko akwai kare a gidan, ko ɗakinki yana da makulli, sannan ki ce su haɗa ki da wadda ta zauna da su kafin ke ku yi magana. Ki gaida Umma da kyau, ki ce mata zan kira ta ranar Lahadi in Allah ya kai mu.