Amsar tambayarka ta jiya kan rage gudu a bakin makaranta

Yaro na ga saƙonka tun da daddare, gajiya ce ta hana ni amsawa, kuma dama ba maganar layi biyu bace. Kace "Oga dan Allah me yasa da mun doshi makaranta kake sa ni in sauko giya biyu ko da titi fayau yake ba kowa, kuma me yasa ka daka min tsawa da zan wuce motar nan da ta tsaya a bakin layin tsallaka alhali hannuna a buɗe yake?" Toh tsawar dai kayi haƙuri, ta riga tunanina fitowa ne, amma ko yau ka sake sai na sake maka irinta.

Kace titi fayau yake ba kowa. Ba kowa a inda idonka ya kai dai. Yaron da yake tsaye a gefen titi kana kallonsa yana kallonka ai da sauƙi, ko ɗan koyo na sati ɗaya zai rage masa. Wanda nake sa ka sauko giya dominsa shine wanda bai fito ba tukuna, yana bayan motar da aka yi fakin, ko bayan bas, ko yana fitowa da gudu daga get ɗin makaranta abokinsa ya biyo shi. Shi wannan ranar da zaka ganshi to ya riga ya shigo gabanka, kuma a lokacin ba gwanintarka ce zata yi aiki ba, gudun da ka shigo da shi ne zai yanke hukunci.

Kayi lissafin da kanka ka gani, ba sai ka yarda da ni ba. Mota in tana kilomita 50 a awa, a duk daƙiƙa ɗaya tana cin wajen mita 14. In tana 30 kuwa mita 8 da ɗan ɗoriya. Shi kuma ɗan adam, daga sanda ido ya gani zuwa sanda ƙafa ta bar totur ta sauka kan birki, ya cinye daƙiƙa guda, wannan ma in hankalinsa na kan titi kenan bai yi daren jiya ba, in yana hira ko ya gaji ya fi haka. Kaga a 50 ka tafi mita 14 birki bai ma san ana yi ba, sannan shi ma birkin ya nemi kamar wasu 14 ɗin a busasshiyar kwalta, jimla kusan 28. A 30 kuwa mita 8 ne na tunani, wajen 5 na birki, a 13 ka tsaya cik. Yanzu ka ɗauka yaro ya faɗo titi mita 14 a gabanka, tsawon ƙananan motoci uku kenan a jere. Mai 30 ya tsaya, ya zuge gilas yayi masifa, yaro ya wuce yana haki kowa ya kama gabansa. Mai 50 kuwa da cikakken gudunsa zai same shi, ko kilomita ɗaya bai rage ba, a daidai lokacin ne ma ƙafarsa take taɓa birkin. Kuma wai 50 ɗin nan a cikin mota ji zakayi kamar rarrafe kake, shiyasa nake ce maka ka kalli mita kar ka yarda da jikinka.

Abin da yawancin direbobi basu gane ba, birki baya tafiya ɗaya da ɗaya da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ja kafin mota ta tsaya ninki huɗu yake yi. In ruwa ya jiƙa titi ƙara ninkawa, in tayarka ta cinye kuwa sai dai Allah ya tsare.

Ba ni na ƙirƙiro 30 ɗin nan ba. A taron da ƙasashe suka yi a Stockholm, babban birnin Sweden, a 2020 kan kiyaye haɗarin hanya, matsayar da suka fitar ita ce duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙafa a riƙe gudu a 30. Sifaniya ta mayar da shi doka a ƙananan titunan cikin gari a 2021, yankin Wales na Birtaniya ma sun sauko zuwa mil 20 a awa a unguwanni a 2023, wato kamar kilomita 32, anyi ta ƙorafi a can ma, direba ko ina halinsa ɗaya. Dalilin dai jikin mutum ne, wanda aka buge a 30 akasari yana tashi, daga nan sama abin lalacewa yake da sauri. Kuma yaro ba kamar babba bane, babba a ƙafa ko cinya mota take samunsa, yaro kuwa bonet daidai ƙirjinsa ko kansa yake, balle irin manyan jif ɗin nan masu dogon gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, kuma tsakanin ɗan shekara 5 zuwa 29 ba abin da ya kai haɗarin mota kashe su, ba wata cuta ba, mu ne masu sitiyari.

Sai maganar tsawa. Motar nan da ka gani ta tsaya a bakin layi, kai a tunaninka lalacewa tayi ko mutumin waya yake, ka kunna sigina zaka zagaye shi. Tambayar da ya kamata ka yiwa kanka ita ce me ya gani da ni ban gani ba? Motar da ta tsaya a layin tsallaka katanga ce, ta rufe maka yaron ta kuma rufe wa yaron kai. Shi yaro ya ga babbar mota ta tsaya masa, a ransa shikenan an bashi hanya duk titin nasa ne, sai ya sheƙa, ya fito daga gaban waccan motar ya faɗo hannunka. Wanda ya tsaya da niyyar alheri shi ya buɗe masa ƙofa, kai kuma ka ƙarasa. Jiya yara biyu ne suka fito daga gaban motar nan, ɗaya na jan hannun ɗaya, nasan ka gansu don naga hannunka na rawa a kan giya har muka kai shataletale. Ban ce komai ba a lokacin don na ga jikinka ya riga ya gaya maka.

Shiyasa ma ni in nine na tsaya, bana ɗaga wa yaro hannu ince wuce, kuma bana yi masa fitila. Hannun titin da nake kai kaɗai nake iko da shi, ban san me ke zuwa ta gefena ko daga can ɗaya hannun ba, in nace wuce na ɗauke masa duba kenan, ya miƙa min amanar da ba zan iya riƙewa ba. Abin da nake yi in tsaya da ɗan nisa kafin layin, ba in ɗora hanci a kan farin fenti ba, saboda na gefe ya samu ya hango abin da ke gabana, shima yaron ya hango shi. Sannan idona na kan madubi, in naga wani ya taho a guje zai zagaye ni, musamman masu babur da suke bi ta tsakanin motoci, nan ne hon yake da amfani, shi nake dannawa.

Amma yaro kar ka danna masa hon yana tsakiyar titi. Babba in yaji hon sauri yake ƙarawa, yaro kuwa ko ya daskare a wurin ko ya juya da baya, kuma baya ɗin nan ita ce inda ba wanda yake tsammaninsa.

Abin ya taɓa faruwa da ni, lokacin ban fi shekara uku da karɓar lasisi ba ina ji da kaina. An tashi makaranta, wata yarinya bata fi shekara shida ba ta tsallaka tare da yayarta, sun ma kai can gefen, ni kuma ganin sun wuce na ɗaga ƙafa daga birki na fara bada wuta. Ashe takalminta ɗaya ya cire a tsakiyar layin. Fizge hannunta tayi ta dawo da gudu ta sunkuya a gabana, wallahi ɓacewa tayi gaba ɗaya, bonet ya rufe ta, ba abin da nake gani sai jakar bayanta ja tana ɗan motsi. Na take birki har motar ta mutu. Da na fito tsakanin bamba da kanta bai kai tsawon hannuna ba, ita kuwa ko a jikinta, tana ta ƙoƙarin zura ƙafa a takalmi, yayar ce take ta ihu. Na koma mota ƙafata ta kasa taka kuloci, sai da na gangara gefe na zauna wajen minti goma. Ba gwaninta ce ta cece ta ba, a giya ɗaya nake shine kawai. Tun daga ranar bana tashi sai na ga ƙafar yaron ƙarshe ta hau gefen titi, sannan in ƙara ɗan jira, na baya suyi ta hon ɗinsu, hon bai taɓa fasa min gilas ba.

Ka daina yiwa yaro lissafin babba. Ƙaramin yaro, kafin ya kai wajen shekara goma, bai iya auna gudun mota ba, ya ga tana nesa kawai yake ganewa, bai san mai nisa da gudu ta fi ta kusa mai tafiya a hankali haɗari ba. Hankalinsa abu ɗaya yake kamawa a lokaci guda, in ƙwallo ce to ƙwallo ce, in ya hango mamansa a tsallake to ba mota a duniya. Kuma a tunaninsa tunda yana ganinka kai ma kana ganinsa, bai san ƙarfen nan da ke gefen gilashin gaba yana iya ɓoye shi ɗungurungum ba, shiyasa kake gani ina leƙe gaba da baya kamar ƙadangare in zan sha kwana. In ka ga ƙwallo ta gangaro titi, mai ita na biye. In ka ga yaro ɗaya ya tsallaka da gudu, jira na biyu, na biyun ma yafi haɗari don shi bai duba komai ba, bayan ɗan uwansa kawai yake kallo. Ka koyi kallon ƙarƙashin motocin da aka ajiye, sau da yawa ƙafafu zaka fara gani kafin kai.

Shi layin kansa fenti ne fa. Tun 1951 da aka fara shi a garin Slough na Ingila har yau ba wani fenti da ya taɓa tare mota, inda ake so yayi aiki sosai sai an haɗa masa da tudun rage gudu ko ɗan tsibiri a tsakiya ko mai riƙe allon tsayawa. Har gara ma inda babu shi yaro yana tsoro, inda yake kuwa an koya masa a aji cewa nan ne wurin aminci, to ka ga in kai baka girmama layin ba ka mayar da karatun malaminsa tarko.

In kai ne ka ɗauko yaran kuma wani karatun ne daban, a taƙaice dai: ta gefen da ba titi ba zasu sauka, ko da sai ka zagaya ka juyo. Kar ka tsaya a kan layi ko dab da shi ko a bakin get wai minti ɗaya ne, minti ɗayan nan ka zama katangar da na gaya maka. Ka ƙirga su suna sauka ka ƙirga su sun matsa, in lissafi bai cika ba kar ka motsa, ja hambirki ka fito ka duba. A Amurka bas ɗin makaranta in ta tsaya allon tsayawa take buɗewa a gefe da jar fitila, na bayanta dole ya tsaya doka ce, da yawansu ma akwai wani dogon ƙarfe da yake miƙewa daga bamba don ya tilasta yaro ya zagaya ta nesa inda direba zai ganshi. Motar da bata da wannan, idonka ne ƙarfen. Ribas kuwa a bakin makaranta na hana ka, in ya zama dole sa babba ya tsaya maka a baya, kyamara tana taimakawa amma bata ganin wanda yake tahowa da gudu daga gefe. Waya ma kar in sake ganinta a cinyarka, daƙiƙa biyu ka kalle ta a 50 ka tafi mita 28 ido rufe.

Naji kace na baya suna matsa maka kana jin kunya kamar baka iya ba. Ka lissafa, mita 300 na gaban makaranta a 50 daƙiƙa 22 ne, a 30 kuma 36, duk abin da ake wannan zumuɗin a kansa daƙiƙa 14 ne, wanda danja ɗaya zata ƙwace maka ninkinsa. Sauko da giya tun daga allon nan mai kusurwa uku da hoton yara, ɗauke ƙafa daga totur ka ɗora ta saman birki ba tare da ka taka ba, wannan kaɗai yana rage maka wani abu daga cikin daƙiƙar nan ta tunani, kuma ka ɗan zuge gilas ka kashe rediyo, sau tari kunne ke riga ido jin yara.

Gobe kazo da wuri kafin mu fita, ka taho da tif ɗin awo da galan biyu marasa komai. Akwai filin da muke koyon ribas, zamu ajiye galan ɗaya a matsayin inda ka ga yaro, ɗayan mita 14 a gabansa, ka taho a 30 in buga maka dashbod ka taka, sannan ka sake a 50. Ka duba iskar taya da man birki tukuna kafin in iso.