Amsa ga yarona kan kalmar "tuition" a allon makaranta

Ɗana, na ga saƙonka bayan isha'i. Ka ce mai makarantar nan da ya kawo aikin allo ya bar maka takarda, a layi na biyu an rubuta "tuition free", yana so ka sa Hausarsa a ƙasa. Ka tambayi mutum biyu, ɗaya ya ce tuition koyarwa ce, ɗaya ya ce kuɗin makaranta ne, kai kuma ka rasa na kamawa. Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya tun fenti yana cikin gwangwani.

Su biyun babu wanda ya yi maka ƙarya, kowa gefen da ya sani ya riƙe. A bakin mutanen Ingila, tuition ita ce koyarwar kanta, musamman wadda malami ke yi wa mutum ɗaya ko 'yan tsiraru, kuma yawanci da biya, kamar mai koyar da tuƙin mota ko malamin da ke bin yaro gida da yamma ya koya masa lissafi. In ɗan Ingila yana nufin kuɗin, sai ya ƙara kalma ɗaya a gaba, ya ce "tuition fees". Da wannan suna gwamnatinsu ta sa ɗaliban jami'a su fara biyan kuɗin da ya kai fam 1,000 a shekara a 1998, abin da ya haura zuwa fam 9,000 a 2012. Mutanen Amurka kuwa sun yanke wutsiyar. In ba'amurke ya ce tuition kawai, kuɗin da ake biyan jami'a ko makarantar kuɗi yake nufi. Mu nan Turancin Ingila muka gada a aji, na Amurka kuma ya shigo mana ta talabijin da waya, shi ya sa kalmar take mana fuska biyu.

Bari in ɗan kai ka baya, don in ka san tushen kalma ba ta sake kuɓuce maka. Daga Latin ta fito, tsohon harshen Rumawa, daga wata kalma mai nufin tsaro da sa ido a kan abu. Da ta shiga Turanci a ƙarni na 15, riƙo take nufi, irin riƙon da waliyyi ke yi wa maraya. Sai a ƙarni na 16 ta koma koyarwa, domin wanda aka damƙa wa yaro shi ne mai karantar da shi. Ma'anar kuɗi ita ce auta, a ƙarni na 19 ta bayyana. Kalmar "tutor", wato malamin da ke koyar da mutum shi kaɗai, uwarsu ɗaya. Ni wannan tarihi yana burge ni ƙwarai, saboda da idona na ga irinsa. Uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi gaban malam ya ce ga amana. Amanar ce farko, karatu ya biyo ta, sannan kuɗin laraba ya zo a ƙarshe, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar kuɗin laraba a matsayin farashin karatun.

To, yanzu ga inda abin ya shafi sana'armu. A Najeriya, in makaranta ta ce "tuition free", ba ta ce ba za a biya ko sisi ba. Cewa ta yi ba za a biya kuɗin koyarwa ba, shi kaɗai. Sauran suna nan daram: kuɗin fom, rajista, yunifom, littattafai, jarrabawa, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Jami'o'in gwamnatin tarayya ma a kan wannan ƙa'ida suke. Ka tuna 2023 da da yawansu suka ƙara kuɗin rajista, iyaye suka yi ta kuka, fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce har yanzu ba a biyan tuition a jami'o'in tarayya. A takarda maganar daidai ce, amma uban da ya sayar da buhunan masararsa ya biya rajista bai ji sauƙi a aljihunsa ba.

Na taɓa faɗawa wannan rami, kuma har yau yana damuna. Shekarun baya wani mai makaranta ya kawo mini irin wannan aiki, na ga "tuition free", ban tambaye shi komai ba, na zana "KARATU KYAUTA" da jan fenti, haruffa masu tsawon inci takwas, ana hango su daga tsallaken titi. Bayan kamar mako biyu wata mata ta shigo shago da 'yan mata biyu ƙanana, ta bi sunan shagonmu da ke kusurwar allon ta same ni. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata takarda da ta ninke gida huɗu, ta shimfiɗa a kan teburin da nake haɗa fenti. Jerin kuɗaɗe ne, layi bakwai. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ba ni da Turanci, Hausar na karanta, har na faɗa wa yaran nan sun samu makaranta." Ƙaramar tana riƙe da sabon fensir da ba a ko fere ba. Mai makarantar yana da mafita, don Turancinsa bai yi ƙarya ba. Alkawarin da matar ta karanta, hannuna ne ya rubuta shi. Washegari na ɗauki tsani na je na shafe layin, ban karɓi ko kwabo ba.

Saboda haka kada ka rubuta "karatu kyauta" sai in mai aikin ya tabbatar maka, da bakinsa, cewa yaro zai shiga ya fita ba a nemi komai ba. Ka koma wurinsa da safe ka yi masa tambaya ɗaya: Alhaji, wanda ya kawo ɗansa ranar farko, nawa zai fitar daga aljihu? In ya ce ko sisi, to ka rubuta kyauta da manyan baƙaƙe, alheri ne a yayata shi. In ya fara lissafo fom da yunifom, abin da za ka sa shi ne "Ba a biyan kuɗin koyarwa", sannan ka ba shi shawara a ƙara ƙaramin layi a ƙasa, "Akwai kuɗin rajista da yunifom". Wasu za su ɓata rai, su ce layin zai kori mutane. Ka yi masa bayani cikin ladabi, ka nuna masa cewa wanda ya zo da saninsa shi ne zai zauna, wanda aka jawo da ruɗi kuwa zai fita yana ɓata sunan makarantar a unguwa. In ya nace sai an sa kyauta alhali ba kyauta ba ne, ka ce masa maigidanka ya hana, ka turo mini shi.

Wani lokaci kuma masu koyar da yara bayan an tashi makaranta, ko masu shirya ɗalibai don WAEC da NECO da JAMB, za su kawo maka "tuition centre" ko "home tuition". Wannan ma'anar Ingila ce, kuma haka ake cewa a Indiya da Pakistan da Singafo, inda irin waɗannan cibiyoyi suka cika gari. Ba kuskure ba ne. Amma mutanenmu lesin suka sani. Uwa ba ta cewa ta sa yaro a tuition, cewa take yi ta sa shi lesin. In allon na 'yan unguwa ne, ka ba da shawarar a sa "lesson", Hausar kuma "Darasin bayan makaranta" ko "Ana koyarwa har gida".

Sai rubutun kalmar, wanda ya kayar da masu allo da yawa. Haruffa bakwai ne: T, U, I, T, I, O, N. Ka zaga gari ka ƙirga allunan da aka rubuta "tution", an haɗiye I ta farko. Dalili shi ne yadda muke furta ta, "tushin", gaɓa biyu, alhali uku ce: tu-i-shin. Kunne bai ji ba, sai hannu ya tsallake. Ga kuma wata matsala ta ido: in ka yi ta da manyan baƙaƙe, ƙafar U ta dama da I da sandar T da I ta biyu duk tsayayyu ne a jere kamar turakun rumfa, ko an rasa ɗaya ba ka lura. Don haka ka ja layinka, ka fitar da kalmar da alli tukuna, ka ɗora yatsa a kan kowane harafi kana ƙirgawa har bakwai. Ka ba kowace I ɗan fili hagu da dama fiye da yadda idonka ke so, siririya ce, in ta matsu da U sai su zama abu ɗaya ga wanda ke wucewa a kan babur. Kada kuma ka ƙara mata S a ƙarshe ko da mai aikin ya rubuta haka a takardarsa. Ka nuna masa, ku gyara tare, ya sa hannu a takardar kafin ka fara.

Allon makaranta ne, malamai za su bi ta ƙarƙashinsa kullum, yara ma daga gare shi za su kwafi rubutun. Idan ka gama fitarwa da alli ka ɗauki hoto ka turo mini, kada ka buɗe gwangwanin jan fentin sai na gani. Farin da ka shafa jiya ma ka bar shi ya ƙara kwana, da wannan damina bai gama bushewa ba.