Ga ɗan'uwan da ke tambayar jirgin Jidda daga Kaduna

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana son kai Baba Umara, jikinsa ba ya ɗaukar doguwar tafiyar mota, kuma wani ejan ya ce ka biya kuɗi kawai, jirgi zai kwashe ku daga nan Kaduna har Jidda. Ka tambaya ko da gaske jiragen waje suna sauka a filinmu. Wallahi ban kai ƙarshen rubutunka ba sai da raina ya ɓaci, domin wannan maganar aka yi mini a kan Hajiyarmu. Don girman Allah kada ka ba shi ko sisi sai ka ga tikiti da idonka. Ka duba wajen tashi: KAD shi ne Kaduna, KAN Kano, ABV Abuja. Wanda bai saba ba sai ya ga KAN ya ɗauka namu ne, kuma suna sane da haka.

Filin zai iya ɗaukar babban jirgi, wannan babu ja. Tun 1982 aka buɗe shi, aka bar tsohon na Mando a hannun sojojin sama. Lokacin masaƙun Kakuri suna aiki dare da rana, Peugeot tana haɗa motoci, matatar mai sabuwa ce dal. Daga baya muka samu Chanchangi, kamfanin jirgi mai hedikwata a cikin garin nan. Amma duk wannan zirga-zirgar cikin gida ce. Ko a zamanin da Kaduna take tashe, mai zuwa Turai Kano yake nufa ya hau KLM, ko ya gangara Legas. Abin da muka sani na ƙetare a nan shi ne jigilar alhazai: a kwana a sansanin Mando, a kwashe mutane zuwa filin jirgi. Shi kuwa jirgin alhazai shata ne, na lokacin Hajji, ba wanda za ka sayi kujera a cikinsa duk ranar da ka ga dama ba. Da wannan ejan-ejan suke ruɗa tsofaffi, tunda tsoho ya tuna daga Kaduna ya tashi shekarar da ya sauke farali.

Sai 2017. Duk wanda yake garin nan ya tuna. Aka rufe filin Abuja mako shida daga 8 ga Maris don gyaran titin saukar jirage, Hadi Sirika yana ƙaramin ministan sufurin sama, aka ce kowa ya dawo Kaduna. Aka gyara ginin fasinja cikin gaggawa, aka cika hanyar Abuja da jami'an tsaro. British Airways da Lufthansa da Air France suka ce ba za su zo ba, gara su dakata. Ethiopian Airlines kaɗai ta amsa, ta sauke Boeing 787 a nan ranar farko. Na ji daɗin ranar nan ƙwarai, na ce to yanzu bakin masu raina mu ya mutu. Bayan an buɗe Abuja a watan Afrilu kowa ya tattara ya koma, amma a watan Agusta Ethiopian ta dawo da jigilarta ta kanta daga Kaduna zuwa Addis Ababa. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin sun ɗan huta. Abin bai ɗore ba. Sai korona ta zo a 2020, aka rufe ko'ina, da aka buɗe kuma a watan Satumba Legas da Abuja kawai aka fara ba izinin jiragen waje.

To a irin wannan yanayin ne wani mutum, mai ofis da kujeru masu laushi da hoton Ka'aba a bango, ya dube ni ya ce sun yi shatar jirgi na musamman daga Kaduna. Na gaya masa Hajiya tana da ciwon suga da hawan jini, zaman mota yana kumbura mata ƙafa. Ya dafa ƙirji ya ce uwarsa ce. Kuɗin nan adashe ta yi shekara da shekaru, ta sayar da tumakinta, mu 'ya'yanta muka cika. Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya kira ni wai an samu ɗan canji, daga Kano za a tashi, amma kada in damu akwai bas. Bas ɗin da aka ce bayan asuba bai zo ba sai da rana ta take. Hanyar Zariya ana aiki, an mayar da motoci hannu ɗaya, tireloli sun toshe. Hajiya tana gefena ƙafafunta sun yi suntum, ba ta ce komai ba, carbi kawai take ja. Muna isa filin Malam Aminu Kano aka ce an rufe tantance fasinja. Na roƙa, na nuna ta, suka ce ba yadda za su yi, kuma gaskiyarsu ce. Ta zauna a ƙasa kan jakarta, da farin hijabin da ta ɗinka musamman, ta ce mini, "Bari kawai, Allah bai kira ni ba." Ɗan'uwa, ni magidanci ne mai 'ya'ya, amma a gaban jama'a na yi kuka. Ta yi sallama da 'yan unguwa, an zo an yi mata rakiya, kowa ya ba ta saƙon addu'a, da wace fuska za ta koma? Na kira mutumin, waya a kashe. Da na same shi a ofis sai ya ce in yi haƙuri ƙaddara ce, wai kuma sai mun ƙara kuɗin canjin tikiti. Ƙaddara! Shi da ya san tun ranar da ya karɓi kuɗin babu wani jirgi daga Kaduna. Har yau idan na wuce ta layin ofishinsa sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Hajiya ta ce ta yafe, ni dai ina ƙoƙari. Daga baya Allah ya nufa ta je, muka kwana a Kano wajen ƙanwarta tun kwana biyu kafin tashi.

Shi ya sa nake ce maka ka tambaye shi sunan kamfanin jirgin da lambar ajiyar kujera, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka sa lambar da sunan Baba. Idan ya fara kame-kame, wai sai an haɗa rukuni tukuna, tashi ka bar masa ofis. Ka kuma tabbatar yana da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, domin ita ke ba kamfanonin Hajji da Umara izini. Rasit ma ya zama da sunan kamfani, kada ka tura kuɗi asusun mutum.

Ni a ganina Kano ta fi maka. Saudia tana zuwa Jidda daga can kai tsaye, ga EgyptAir da Ethiopian, Qatar ma ta fara sauka tun 2022, sai dai da tsoho gara wanda ba a sauya jirgi a hanya. Ku tafi da wuri ku kwana, kada ka yarda da tafiyar ranar tashi ko da ejan ya rantse. In Abuja ce ta kama, jirgin ƙasa daga Rigasa ya fi wa Baba sauƙi, yana iya miƙe ƙafa ya shiga banɗaki. Na san wasu har yanzu gabansu yana faɗuwa saboda harin 28 ga Maris 2022, kuma ban ga laifinsu ba.

Wannan watan ne ma ya karya mu. Kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan, ranar 26, 'yan bindiga suka shigo filin jirgin Kaduna ta wajen titin saukar jirage suka kashe ma'aikacin tsaro na NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, kamfanonin jiragen Azman da Air Peace suka dakatar da zuwa. Shekara guda kafin nan an shiga gidajen ma'aikatan filin an sace mutane, ga ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka kwashe a kusa da wajen. Kamfanin da ke Landan ko Faris da ya ƙi zuwa a 2017 don tsoro, me za ka gaya masa bayan wannan? Ga shi kuma an matse mu tsakanin Abuja da Kano, kowacce tafiyar awanni kaɗan, kamfani yana ganin fasinjan Kaduna zai biyo shi can ko yana so ko ba ya so. Abin yana min ciwo. Jihar da take da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964, matuƙa da yawa a ƙasar nan a wajenmu suka koya, amma mai son kai iyayensa Makka sai ya ɗora su a mota. Masu mulki su ji tsoron Allah su riƙe tsaron dajin da ke kusa da filin, ko jirgi ɗaya a mako zuwa Jidda ai zai cika, musamman da azumi.

Kada in manta, ka nemi a rubuta masa keken turawa a tikiti tun daga nan, kyauta ne, za a tura shi har ƙofar jirgi kuma a tarbe shi da shi a can. Magungunansa a jakar hannu, kada su shiga babban akwati. Ka ɗauki katin rigakafinsa, da ɗan dabino ko biskit idan yana da suga. Harami kuma ya ɗaura tun a Kano ko ka riƙe masa a hannu, banɗakin jirgi ya yi wa tsoho ƙunci.

Idan ejan ya turo maka tikitin, ka rufe lambar fasfo ka ɗauki hotonsa ka turo mini a gefe in duba maka. Ka gaida Baba, Allah ya ƙara masa lafiya ya sa a je a dawo lafiya.