Maigida ya ce allurar tazarar haihuwa haram ce, har ya dake ni a kanta

TAMBAYA

Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni a Garwa ta Kamaru nake, shekarata 26, an min aure ina da 16, yanzu yarana biyar, na ƙarshen wata huɗu kenan kuma aiki aka min aka ciro shi. Likita ta ce in huta ko shekara biyu ne in ba haka ba mahaifata na iya fashewa. Na gaya wa maigida ya ce malaminsu ya ce tsarin iyali haram ne, aikin nasara ne. Sai na je a ɓoye aka min allura, ashe ya ga katin asibitin a jakata, ranar ya mare ni ya hankaɗa ni na faɗi ta wajen ɗinkin. Na je gida Inna ta ce in yi haƙuri in koma ɗakina, kowace mace haka take zaune. Anti zunubi na yi? In na ci gaba da allurar Allah zai kama ni?

AMSA

Wa'alaikissalam ƙanwata, sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Kafin komai, ɗinkin nan da kika faɗi a kansa kin kai an duba? In akwai kumburi ko ruwa na fita ko zazzaɓi ko ciwon mara da ba ki saba ji ba, ki ajiye wayar nan ki hau mashin ki tafi asibiti yau, sauran maganar ta jira.

Toh. Abin da ya fi taɓa ni a saƙonki shi ne ke aka mara, ke aka hankaɗa da ɗanyen ɗinki, amma ke ce kike tambaya ko kin yi zunubi. Shi da ya ɗaga hannu ban ji an ce ya je ya tambayi malamin nasa hukuncin dukan mai jego ba.

Ni ungozoma ce ta asibiti, ba malama ba, amma na yi islamiyya daidai gwargwado kuma aikin nan ya sa dole na koma na buɗe littafi, dan kusan kullum sai mace ta zauna gabana tana kuka da wannan maganar ta "malam ya ce". Ga abin da ke rubuce. Jabir, Allah Ya yarda da shi, ya ce sun kasance suna yin azalu alhali Alƙur'ani na sauka, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Azalu shi ne namiji ya janye ya zubar a waje dan kar ciki ya shiga, wato dai tazarar haihuwar wancan zamanin, tun ba a san nasara da allurarsa ba. Ba zan ɓoye miki ba akwai malaman da suka ƙi shi, irin su Ibn Hazm, akwai kuma hadisin da suke kafa hujja da shi, amma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun halatta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ma da ta zauna a Kuwait a 1988 ta ce ba da tazara na ɗan lokaci ya halatta in akwai buƙata kuma ma'aurata sun yi shawara sun yarda, abin da ta hana shi ne kashe haihuwa gaba ɗaya ba tare da lalura ba. Ayar da ake yawan jawowa kuma, wadda ta ce kar ku kashe 'ya'yanku dan tsoron talauci, magana take kan ɗan da ya riga ya samu. Allurar da aka miki ƙwai take hanawa ya fito, babu ɗan da aka kashe.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mata a wa'azi ba. A Muwaɗɗa, Imam Malik da muke bin mazhabarsa a ƙasar nan ya ce miji ba ya yin azalu sai da izinin matarsa 'ya, wato wadda ba baiwa ba, ma'ana maganar haihuwa ba ta namiji shi kaɗai ba ce tun asali, ke ma kina da baki a ciki. Sannan Alƙur'ani a Baƙara aya ta 233 ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, a Luƙman kuma ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni. Kakanninmu ai sun gane wannan, shi ya sa mace ke tafiya wankan gida, kuma a da abin gori ne a ce wance ta yi kwanika. Yanzu an watsar da wannan kunyar an bar mace da ciki ga goyo ga na yaye, in ta buɗe baki a ce ta saɓa wa Allah.

Zaki ce to ai an ce da yardar juna, ni kuma a ɓoye na yi. Gaskiya ne, shawara ita ce asali kuma kin nema an hana ki. Amma taki ta wuce ta hutu ko jin daɗi, lalura ce da likita ta tabbatar, kuma ƙa'idar da ko ɗan islamiyya ya haddace ita ce babu cuta babu cutarwa. Biyayyar aure ba ta kai ga mace ta miƙa ranta ba. In kina son ki ji daga bakin malami dan zuciyarki ta kwanta, ki nemi wanda ya karanta fiƙihu sosai ki kai masa takardar likitar ya gani da idonsa, kar ki tsaya ga "an ce malam ya ce", sau da yawa in ka bi diddigi maigidan ne ya ɗauki rabin wa'azi ya bar rabi a masallaci.

Bari in gaya miki abin da likitar take tsoro. Mahaifar da aka yanka aka ɗinke tabo gare ta, in ciki ya shiga da wuri tabon bai gama ƙwari ba, yana iya yagewa a ƙarshen ciki ko lokacin naƙuda, jini ya zuba a cikin ciki ba a gani, kafin a samo mota a samo jini an rasa ɗa wani lokaci har uwar. Hukumar lafiya ta duniya ko ga mai haihuwa da kanta shawararta a jira wata 24 kafin a ɗauki wani cikin, balle ke mai haihuwa biyar cikin shekara goma ga aiki. Na taɓa karɓar wata da daddare an kawo ta daga ƙauye, wata goma sha ɗaya tsakaninta da aikin farko, na ja fatar idonta fari fat kamar takarda, mijin na tsaye bakin ƙofa yana ta salati yana cewa a ɗebi jininsa. An cece ta amma an cire mahaifar. Shi da ya ƙi hutun shekara biyu sai ga shi haihuwar ta tsaya gaba ɗaya.

Allurar wata uku ba ta kashe mahaifa, wannan zancen gidan biki ne. Abin da take yi shi ne tana iya rikita al'ada ko ta ɗauke ta, wasu su ƙara jiki, kuma bayan an daina ciki na iya jinkirin wasu watanni. Mai shayarwa na iya yinta. Akwai ashanar hannu, wato ɗan tsinken tazara da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse, mai shekara 3 da mai shekara 5, amma ita ana jinta in an taɓa damtse, a halin da kike ciki ki yi tunani da kyau. Kar kuma ki dogara da nono kaɗai, kariyarsa wata shida ce, shi ma sai in nono zalla yaro ke sha dare da rana kuma al'ada ba ta dawo ba. Katin kuma ki roƙi ungozomarki ta ajiye miki a wajenta, sirrin mara lafiya wajibi ne a kanmu.

Dukan fa, shi ne ban so ki ɗauka ƙarami. Nana Aisha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba, yana cikin Muslim. A fiƙihun Malikiyya kuma mace na da haƙƙin zuwa gaban alƙali a raba aure saboda cutarwa, yana nan cikin Mukhtasar ɗin Khalil da malaman zaure ke karantarwa. Ba cewa nake ki kashe aurenki ba, ke kika san gidanki da yaranki, amma ki san ƙofar tana nan ba a toshe ta ba. A dokar Kamaru ma, kundin hukunta laifuka na 2016 bai ware miji ya ba shi izinin duka ba, kuma nauyin hukuncin na bin yawan kwanakin da likita ya rubuta cewa raunin ya hana ki aiki, shi ya sa takardar shaidar likita ke da muhimmanci, ki karɓa ki ajiye ko ba yanzu zaki kai ƙara ba. Sashe na 358-1 ya hana korar mata daga gidan aure haka kawai, ɗaurin wata 3 zuwa shekara 1. Sashe na 356 kuma ya haramta aurar da wadda ba ta kai 18 ba, ke naki ya wuce amma 'ya'yanki mata na tasowa. Wani abu da ke kayar da matanmu na arewa shi ne auren fatiha kawai babu takardar aure ta ofishin magajin gari, in taki babu ki san hakan tun yanzu dan yana rage ƙarfin mace a kotu. Ofishin ma'aikatar mata da iyali na nan a Garwa, akwai kuma ƙungiyoyi irin ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata, wadda Aissa Doumara ta Marwa ke cikin waɗanda suka kafa reshenta na can, ita ma tana 15 aka aurar da ita, a 2019 Faransa ta ba ta lambar yabo ta Simone Veil kan wannan aikin.

Inna kuma kar ki riƙe ta a zuci. Haƙurin da aka ɗura mata shi take ɗura miki, maƙwabtanmu Fulani su ce munyal mu mu ce haƙuri, duk amarya da shi ake raka ta, ango kuwa sai barka da addu'a. Ni abin da ke ƙona min rai kenan wallahi, haƙuri ibada ce ta kowa amma an mai da shi kayan ɗakin mace. Ki nemi namiji babba a danginku da maigidan ke jin nauyinsa, kawu ko baffa ko yayanki, a zaunar da shi, in zai yiwu a tafi da shi wajen likitar ta yi masa bayani baki da baki, na ga maza da yawa da suka sauko bayan an zana musu mahaifa a takarda an nuna musu inda tabon yake. Kar ki tayar da maganar ku biyu da dare a ɗaki.

In kuwa ya taɓa shaƙe ki a wuya, ko ya ɗauko wuƙa ko taɓarya, ko ya ce sai ya kashe ki, to wannan ba ta sulhu ba ce tukuna, ki kwashi yaranki ki bar gidan a ranar. Tun yanzu ki haɗa katin shaidarki da takardun haihuwar yara da 'yan kuɗi ki kai ajiya wajen wadda kika yarda da ita. Ranar allurarki ta gaba kuma ki sa a waya da wani suna da ke kaɗai kika gane, in kin je ki ce a auna miki jini, dan haihuwa biyar da aiki ban yi tsammanin jininki ya gama dawowa ba.