Na yi odar 1HZ, za a kawo mini 2.8: in karɓa?

Tambaya: Malam, na biya rabin kuɗin sabuwar Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, wadda zan riƙa jigilar kaya da ita daga Garwa zuwa Kusseri a arewacin Kamaru. Yanzu dillali ya ce mai injin lita 2.8 ce ta sauka Duwala. Hankalina ya tashi. An cuce ni ne?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, ka fara ɗauko takardar oda. Idan 1HZ aka rubuta ƙarara, kada ka sa hannu a takardar karɓa sai kun daidaita a rubuce: ko a kawo abin da ka biya, ko a mayar maka da kuɗinka, ko ka karɓi wannan da yardarka. Maganar waya ba ta zama shaida.

Ta fuskar ƙarfi kuwa ba a rage maka komai ba. 1HZ lita 4.2 ne, silinda shida, doki wajen 130. Injin da za a kawo maka, wato 1GD, lita 2.8 ne, silinda huɗu da turbo, dokinsa ya kai 200.

Abin da ke damuna daban ne, kuma kullum sai na gamu da shi a gareji. Mutum ya karɓi sabon inji, ya ci gaba da yi masa riƙon tsohon. 1HZ tun 1990 yake haɗiye gazwal (man dizal) ɗin jarka yana tafiya, shi ya sa mutanenmu suka ɗauka kowane inji haka yake. A'a! 1GD yana fesa mai da matsin da ya haura bar 2,000. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya cinye famfo da injekta huɗun. Sai kuma wani bakaniken gindin bishiya ya ce a zuba baƙin mai ko kananzir a tanki wai don inji ya yi laushi, ko ya tsinke waya don fitilar gargaɗi ta mutu. Wallahi wannan yana ƙona mini rai. Motar miliyoyin sefa, a miƙa ta ga wanda bai taɓa jona mata kwamfuta ba, garanti kuma ya tafi.

Saboda haka ka tambayi kanka, Alhaji: a hanyar Marwa, Mora zuwa Kusseri, za ka iya shan mai a gidan mai kaɗai, kana sauya matatar mai a kan lokaci? In za ka iya, karɓi 2.8. In direbanka ɗan jarka ne, tsaya a kan 1HZ ɗinka ko kuɗinka.