Wa Ya Ce Maka Kwalbar Porto Ba Ta Lalacewa?

Yaro, na ga saƙonka. Ka ce manajanku ya sayo kwalaben Porto na wata ƙaramar gonar inabi a Fotugal, ya jera su a kanta a bayan mashaya, fitila na haska su don baƙi su gani. Da ka yi magana sai ya ce maka wannan giya ce mai ƙarfi, ko shekara goma za ta yi a wurin babu abin da zai same ta. Kana so ka ji ko gaskiya ne, sannan yaya ake ajiye ta, yaya ake zuba wa baƙo.

Da tambayar yadda ake goge kofi ka aiko mini, wallahi ko kallon wayar ba zan yi ba. Amma wannan maganar ta "mai ƙarfi ce, ba ta lalacewa" ta taɓa cinye mini albashi, har yau in na ji ta sai raina ya ɓaci. Don haka buɗe kunnenka.

Fara da sanin inda ƙarfin ya fito, tunda ku 'yan yanzu in aka ce Porto ƙungiyar ƙwallo kaɗai kuka sani. A kwarin kogin Douro ake noman inabin, can arewacin Fotugal, a gangaren duwatsun da aka sassaƙa hawa-hawa. Tun 1756 doka ta shata iyakar yankin. In an girbe inabin sai a matse, wasu gonakin har yau da ƙafa ake tattaka shi a cikin kwarmin dutse. Ruwan ya fara tsima, yis na cin sukari yana mai da shi barasa. Kwana biyu zuwa uku, tun sukarin bai ƙare ba, sai a antaya masa farar barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari, wajen lita 115 a kan lita 435. Nan take yis ya mutu. Sukarin da bai samu ya ci ba shi ne zaƙin da kake ji, ba wanda ya ɗebo daga buhu ya zuba, ƙarfin giyar kuma ya tsaya tsakanin kashi 19 da 22. Wannan ƙarfin yana hana ta sake tsima, yana hana ta yin tsami da wuri. Iyakar aikinsa ke nan. Zafi zai dafa ta, haske zai kashe mata launi, iska kuma ta kwashe ƙamshin, ƙarfin yana nan yana kallo.

Na ƙaramar gona kuwa, maganarsa daban ce. Kafin 1986 mai gona ba shi da ikon fitar da Porto waje kai tsaye daga Douro, sai ta rumbunan Vila Nova de Gaia da ke tsallaken kogi daga birnin Porto, inda manyan kamfanoni suke. Da aka sassauta dokar ne ƙananan gonaki suka samu damar sayar da nasu da sunansu. Babban kamfani in kwalbarsa ta lalace sai ka yi odar wata. Ƙaramar gona abin da ta yi a shekara ɗaya ɗan kaɗan ne, in ya ƙare ya ƙare. Riƙe wannan, za ka ga dalilin da ya sa na faɗa.

Ba zan tsaya koya maka karatun takardar jikin kwalba ba, ka yi makaranta. Matoshin kwalbar za ka duba. In gajere ne mai hula a kai, wanda ake cirewa da hannu, to masu ita sun gama mata komai, sha kawai ya rage. Nau'o'in Porto da ake kira Ruby da Tawny ke nan, da yawancin LBV, wato Late Bottled Vintage, wadda ta ɗan daɗe a ganga kafin a ɗura ta. A tsaye ake ajiye su, kuma ajiya ba ta ƙara musu komai. Tawny da aka rubuta wa shekara 10 ko 20, a gangar katako ta yi tsufanta, ba a kantarka za ta ƙara ba. In kuwa dogon matoshi ne wanda sai da mabuɗi, aka kuma rubuta Vintage da shekara, wato giyar girbin shekara ɗaya, to wannan mai rai ce. Shekara biyu zuwa uku kawai ta yi kafin a ɗura ta ba tare da an tace ba, a cikin kwalba za ta yi shekara ashirin, talatin tana nuna. A kwance ake ajiye ta don giyar ta riƙa jiƙa matoshin, a duhu, a sanyin digiri 12 zuwa 15, kuma sanyin ya tsaya wuri ɗaya, ba yau sama gobe ƙasa ba.

Irin wannan ce aka cuce ni a kanta.

Lokacin ina riƙe da siton giya na wani otal a Jos. Na daɗe ina bin wani mai shigo da kaya a Legas har ya samo mini katan biyu na Vintage ta 2000 daga wata ƙaramar gona, shida-shida. Duk wanda ya san aikin nan ya san 2000 na cikin shekarun da ake ji da su. Na ware musu ɗakin ƙurya wanda ba shi da taga, na kwantar da su a ƙasa a kan katako, mabuɗin kuma a aljihuna yake kwana. Sanyin Jos ya taimake ni, amma kulawata ce ta riƙe su. Ko mai shara ba ya shiga sai ina tsaye.

Akwai wani mai kuɗi da ke yawan sauka a wurinmu, yana kawo mana taruka. Zai aurar da 'yarsa a garinsu, can gangare inda rana ba ta wasa, ga shi watan Maris. Ban san wanda ya kai masa labarin kwalaben ba, sai ga shi ya ce duka yake so, zai nuna wa surukansa. Na ce, ranka ya daɗe, wannan ba giyar biki ba ce, ga Ruby nan, ga Tawny, su ne za su jure hanya da hayaniya. Ya ce shi ba a ba shi na biyu. Na ce to a biya kafin su fita. Sai manajanmu na lokacin ya ja ni gefe, wai ai Oga namu ne, in ya dawo zai biya, kada in kunyata otal. Na ce ya sa hannu a littafin sito. Ya ce yana sauri, in ya dawo daga banki. Kafin ya dawo daga bankin an riga an loda kaya.

Da bakina na gaya wa direban, a gaban mai gidansa: a cikin mota za a sa su inda sanyi yake, ban da but, a tashi da asuba, in an isa a kai su ɗakin da ya fi ko'ina sanyi. Mai kuɗin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, giya mai ƙarfi irin wannan me zai same ta?" Ka ji inda na fara jin karatun manajanku.

Bayan biki da 'yan kwanaki sai ga shi ya shigo da katan biyun, fuska a murtuke, yana ɗaga murya a gaban baƙi wai na sayar masa da ruɓaɓɓen kaya, na kunyata shi a gaban surukai. Na buɗe katan. Waɗanda ba a buɗe ba, matoshinsu ya turo murfin da ke kai har ya kumbura, giya ta tsiyayo ta wuya ta bushe tana danƙo, takardun duk sun yi jirwaye. Aikin zafi ne wannan: giya ta kumbura ta ture matoshi, in ta huce ta ja iska ciki. Na buɗe ɗaya a gabansa. Abin da ya kamata ya fito ja mai duhu da ƙamshin 'ya'yan itace, sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, yana wari kamar zoɓon da aka manta a kan wuta. Wannan sakaci ne, da a nan ya tsaya da na haƙura. Amma sai ya turo mini kwalabe biyu da aka riga aka buɗe, ya ce ɗanɗana ka ji abin da ka ba mu. Ko kai bakina ban yi ba. Hanci ya gaya mini jar giyar kasuwa ce mai araha, irin wadda ake ɗurawa a kwali. Na ɗaga kwalbar a haske, babu ko ɗigon gwiɓa a gindinta, alhali Vintage da ba a tace ba dole ta kwantar da nata. Sun shanye ta gaske, sun cika kwalbar da wata, sun kawo mini a matsayin shaida. Ni za a yi wa wannan? Ni da na fara riƙe mabuɗin kwalba tun shi yana yawo da gajeren wando?

Na faɗa masa a fili. Ya ce na zage shi. Manaja ya zo yana ba shi haƙuri, ya ce shi bai tuna ya ba da umarnin a fitar da kaya ba, ga littafi nan babu sa hannunsa. Mai kuɗi ya ci gaba da kawo taronsa, manaja ya ci gaba da karɓar yabo, ni kuwa aka riƙa yankar albashina wata bayan wata har kuɗin ya cika. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya direban ya same ni a ɓoye ya ce a but aka sa su, motar ta wuni a rana a ƙofar wani ofis a hanya, da aka isa kuma aka jibge katan a bayan rumfa kusa da janareta. Na kira mutumin Legas ko zai samo mini wasu in mayar, ya ce na shekarar sun ƙare a gonar. Kuɗin na manta da zafinsu. Kwalaben nan ne ban manta ba, shekara da shekaru suna nuna a hankali, wani ya kashe su a wuni ɗaya don burga.

To ka je ka gaya wa manajanku ya sauke su daga ƙarƙashin fitilar nan yau. In yana son ado, ya jera kwalaben da aka shanye. Kada kuma ku ce za ku cusa su a firijin lemo su zauna watanni: bushewar ciki na ƙeƙasar da matoshi, ga girgizar inji, ga wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, sanyi da zafi suna ta musanya. In ba ku da ɗakin da ke riƙe sanyi dare da rana, ku bar sayen Vintage. Ku sayi Tawny da LBV kaɗan-kaɗan, ku sayar da wuri. Babu kunya a ciki.

Zubawa kuma. Littattafan da ke cewa a sha ta a zafin ɗaki, ɗakin Turai suke nufi. Ruby da LBV da Vintage digiri 16 zuwa 18 suke so, Tawny ta fi son sanyi, 12 zuwa 14. A ƙasarmu wannan na nufin ka sa kwalbar a firiji kamar rabin awa kafin baƙo ya zauna. In ta ɗumama, barasar ce za ta fara dukan hancinsa, zaƙin kuma ya gundure shi. Ƙanƙara kuwa, in na ji ka jefa ta a Vintage kada ka ƙara cewa ni na koya maka aiki.

Vintage ka tsayar da ita tun jiya don gwiɓar ta sauka gindi. Wasu kwalaben za ka ga an shafa musu ɗigon farin fenti: gefen da ke sama ke nan lokacin da take kwance, ka bar shi a sama in kana tsiyayewa. Ka juye ta a tulun gilashi a hankali, hannu ɗaya, ba tsayawa, ta cikin farin ƙyalle mai tsabta wanda bai san sabulu mai turare ba, da ka ga duhu ya iso wuyan kwalba ka dakata. Tsohon matoshi marmashewa yake yi, mabuɗi mai harshe biyu ya fi masa. A Fotugal akwai masu gasa awartaki a wuta su kama wuyan kwalba, su shafa ruwan sanyi wuyan ya tsinke fes. Na san ka gani a waya. Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne, ka bar musu kayansu.

Ƙaramin kofi mai ƙafa, mililita 60 zuwa 75, kada ka cika shi, ƙamshi na buƙatar wuri. Ku yaran yanzu kuna ganin cika kofi shi ne karamci, ga giyar da ta ninka ta tebur a ƙarfi kusan sau ɗaya da rabi. Bayan abinci ake kawo ta. Turawan Ingila da cukunsu na Stilton suke haɗa ta, baƙin cakulan ma yana tafiya da Ruby, Tawny kuwa ba ta ƙin soyayyiyar gyaɗa ko kashu. Abin da ba ta shiri da shi shi ne yaji. Baƙo ya gama farfesu mai barkono ka ɗora masa Porto, wuta biyu ka haɗa masa a baki, gobe ya ce giyar ce ba kyau.

Da an buɗe, kwana ya fara ƙirguwa. Tsohuwar Vintage kwana biyu, uku in ta yi nisa, shi ya sa ba a sayar da ita kofi-kofi sai in tebur guda zai shanye. LBV mako ɗaya zuwa biyu. Ruby ta kai kusan wata. Tawny da ta saba da iska tun a ganga ta kan yi wata ɗaya zuwa biyu. Duk a toshe, a firiji, ka rubuta ranar buɗewa a bayan kwalba da biro, kada ka ce za ka tuna.

Waɗanda ke kantar yanzu, ka bi su ɗaya-ɗaya ka shafa kansu da yatsa. Wadda matoshinta ya taso ko wuyanta ke danƙo, ka ware ta, ka rubuta a littafin sito, manaja ya sa hannu kana tsaye kafin ya tafi ko'ina. Kada a kai wa baƙo ita. A ba kuku ya yi miyar nama da ita, amma a rubuta a takardar abinci cewa da giya a ciki, don baƙinku da yawa ba sa sha, kuma haƙƙinsu ne su sani kafin su ɗauki cokali.